Fuskar kaboyi, aljihun kamfani

Kawuna ya haura saba'in, idonsa ya fara gajiya, amma har yau in ya ji ƙarar kofaton doki tana fita daga wayar wani sai ya waiwayo. Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan sallar lisha, ƙanena ya buɗe wani tsohon fim ɗin kaboyi a YouTube, irin marar kalar nan da hotonsa ke yayyafi. Kawu ya miƙo hannu aka ba shi wayar, ya kai ta dab da hancinsa. Nan take ya koma saurayi. Tun kafin kowa ya buɗe baki a fim ɗin ya nuna mana wanda yake ekta da wanda yake bos, ya ce daga zaman mutum a kan sirdi ake ganewa. Ya ba mu labarin yadda suke tara kwabbai su tafi silima a Sabon Gari, wadda ko rufi ba ta da shi, ba sa jin Turancin amma ba abin da ke wuce su. Ana tsakiyar sukuwa, ekta ya kusa cim ma ɓarayin shanu, sai talla ta katse fim ɗin.

Kawu ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wannan tallar da suka sako, kuɗinta wa ake ba? Mai dokin?"

Na ce, "Kawu, ai mai dokin ya daɗe da mutuwa."

Ya ce, "To, 'ya'yansa fa?"

Amsar gajeriya ce, kuma ba daɗin faɗa. A kusan dukkan irin waɗannan finafinai, tun ranar da aka sallami mai dokin daga wurin ɗaukar fim bai sake ganin ko sisi ba, balle 'ya'yansa. Ni kuwa ina ganin wannan tsari bai dace ba, ko da doka ta amince da shi, kuma labarin mutum biyu da aka haifa a shekara guda a Amurka ya ishe ni hujja.

Sana'ar da suka yi ba ta manyan taurarin Hollywood ba ce. Daga farkon shekarun 1930 zuwa tsakiyar 1950, ƙananan kamfanoni irin su Monogram da Mascot da Republic sun riƙa fitar da finafinan kaboyi kamar ana toya waina. Tsawon fim bai cika wuce awa ɗaya ba, ana ɗaukarsa cikin mako guda, wani lokaci ma kwana biyar. A silima akan haɗa shi da babban fim a tikiti ɗaya, ko a nuna wa yara ranar Asabar da rana. Saboda ƙarancin jarinsu har laƙabi aka yi wa rukunin waɗannan kamfanoni, ana ce musu layin talauci. A mahaɗar titin Gower da titin Sunset kuwa, makiyaya na gaske waɗanda aikin kiwo ya ƙare musu sukan tsaya da sassafe da malafunansu suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini, kamar dai yadda masu shebur da diga suke jira a bakin titi. Shi kansa John Wayne, shahararren tauraron finafinan kaboyi, kafin duniya ta san shi a 1939, a nan ya yi bauta: finafinai 16 ya yi wa wani ƙaramin kamfani tsakanin 1933 da 1935, kowanne a kan dala 2,500.

Na farkon mutanen biyu shi ne Ken Maynard, haifaffen jihar Indiana a 1895. In ana maganar hawan doki, samun irinsa a tarihin fim sai an tona. Daga wasan dawaki na filin kallo ya shigo fim, don haka abin da mai kallo ya gani shi ne abin da aka yi: mutum ya zame daga sirdi doki na tsakiyar gudu, ya rataya a gefe, ya sake komawa bai taɓa ƙasa ba. Dokinsa gunya ne mai suna Tarzan, kuma yara sun san sunan dokin kamar yadda suka san na ubangidansa. A ƙarshen shekarun 1920, lokacin fim bai fara magana ba, ya yi wa kamfanin First National jerin finafinai da aka kashe musu kuɗi sosai. Da sauti ya zo, yana cikin kaboyin farko da suka yi waƙa a fim.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ya faru ne a 1932 da 1933. Kamfanin Warner, wanda ya haɗiye First National da duk abin da ke rumbunsa, ya so ya yi finafinan kaboyi ba tare da kashe kuɗi ba. Sai aka ɗauko John Wayne yana saurayi, aka sa masa tufafi irin na Maynard, aka nemo masa doki mai kama da Tarzan, aka sa wa dokin suna Duke. In fim ya zo wurin hira ko murmushi, fuskar Wayne ce. In ya zo wurin sukuwa da tsallake rami da faɗowa daga doki, sai a yanko tsohon hoton Maynard daga nesa a manna. Finafinai shida aka yi wa Wayne a wannan jeri, galibinsu da wannan dabara. Mutum ya sa wuyansa a haɗari, an biya shi sau ɗaya, sannan an sake sayar da wannan haɗarin da sunan wani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba kuma wanda ya karya doka, domin faifan na kamfani ne.

Ba zan wanke Maynard ba. Mashayi ne, ga zafin rai, ya ɓata da masu shirya fim ɗaya bayan ɗaya. A 1934 kamfanin Mascot ya saka wani matashin mawaƙin rediyo, Gene Autry, a cikin fim ɗinsa don ya rera 'yan waƙoƙi. Kafin shekara ta zagayo, matashin ne aka ba babban aikin da aka tanadar wa Maynard. Jerin finafinansa na ƙarshe a matsayin jarumi ya yi su a Monogram a 1943 da 1944, jiki ya yi nauyi. Daga nan sai gangara. Ya ƙare rayuwa a cikin ɗan gidan kwano mai taya, irin wanda mota ke ja, a wajen birnin Los Angeles, wani mai taimako da ya ɓoye sunansa yana aiko masa da na cefane. Mutane da yawa sun ɗauka Autry ne. A daidai waɗannan shekaru, tsoffin finafinansa suna yawo a gidajen talabijin na Amurka, ana saka talla a tsakaninsu.

Na biyun shi ne William Boyd, haifaffen jihar Ohio, shi ma a 1895. Shi ba mahayi ba ne. Kyakkyawan saurayi ne da ya yi furfura da wuri, wanda babban darakta Cecil B. DeMille ya ɗaga a zamanin fim marar magana. A 1931 ƙaddara ta faɗa masa ta inda bai zata ba. 'Yan sanda suka kama wani ɗan wasa daban mai suna iri ɗaya da nasa kan caca da giya, jaridu suka buga labarin da hoton wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. An nemi afuwa daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kamfanin RKO ya soke kwantiraginsa. Ya yi shekaru yana 'yan ƙananan ayyuka kafin furodusa Harry Sherman ya ba shi matsayin wani kaboyi mai suna Hopalong Cassidy a 1935.

A littattafan Clarence Mulford, wanda ya ƙirƙiro shi tun 1904, Hopalong gurgu ne mai ashar da shan giya. Boyd ya mayar da shi dattijon kirki, baƙaƙen kaya daga malafa har takalmi, bisa kili mai suna Topper, ba ya sha, ba ya zagi, ba ya fara kai hannu ga bindiga. Da farko wani ne ke hawa a madadinsa a wuraren haɗari, sannu a hankali ya koyi zama a sirdi. Finafinai 66 ya yi a wannan matsayi daga 1935 zuwa 1948, goma sha biyun ƙarshe ma shi ya shirya su da kansa. Zuwa lokacin kasuwa ta mutu, masu silima sun fara juya baya, kowa na ganin an gama da Hopalong.

A nan ya yi abin da ya sa ake ba da labarinsa har yau. Ya sayar da gonarsa ta kiwo, ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, ya tara kimanin dala 350,000, ya saye haƙƙin mallakar tsoffin finafinansa, ya kuma ƙulla yarjejeniya da Mulford kan sunan Hopalong ɗin kansa. Lokacin talabijin jaririya ce, manyan kamfanonin fim suna ƙin ba ta kayansu don suna ganin kishiya ce, gidajen talabijin kuwa suna neman abin nunawa ido rufe. A watan Yunin 1949 tashar NBC ta fara nuna Hopalong a faɗin ƙasar. A 1950 hotonsa ya hau bangon mujallun Life da Time. Kamfanin Aladdin ya manna hotonsa a akwatin abincin 'yan makaranta a 1950, cinikinsa ya tashi daga kimanin 50,000 a shekara zuwa 600,000. Riguna, agogo, bindigar wasa, kekuna, duk da sunansa, duk kuma yana da kaso. Ya mutu a watan Satumban 1972 yana mai arziki. Bayan wata shida, a Maris 1973, Ken Maynard ya mutu a gidan kula da gajiyayyun 'yan fim da ke Woodland Hills, ba shi da komai.

Yadda aka saba ba da wannan labari shi ne a ce ga mai hangen nesa, ga kuma wanda ya kashe kansa da kwalba. Akwai gaskiya a ciki, amma in aka tsaya nan an rufe ido daga abin da ya fi muhimmanci. Hanyar da Boyd ya bi ba kowa ke iya binta ba. Sai wanda ke da gonar sayarwa, da sunan da banki zai saurara, da kuma sa'ar da ta kawo talabijin daidai lokacin da yake riƙe da kaya. Da talabijin ta makara da shekara biyar, da shi ma a gidan haya zai ƙare ana cewa ya yi wauta. Tsarin da sai mutum ya yi caca da muhallin iyalinsa kafin ya ci amfanin fuskarsa ba tsarin da za a yi alfahari da shi ba ne. Hoot Gibson, wanda ya yi tashe a kamfanin Universal kuma ya hau doki tare da Maynard a finafinan Monogram, da girma ya kama shi aikin tarbar baƙi ya koma yi a ƙofar wani gidan caca a Las Vegas.

Akwai kuma abin da masu yabon Boyd ba su cika ambata ba. Cikin finafinan nan 66 ba shi kaɗai ba ne. Akwai abokan tafiyarsa, akwai 'yan bos da ake harbewa su faɗo daga kan dutse, akwai wanda ya hau doki a madadinsa. Robert Mitchum ma, kafin ya zama tauraro, a cikinsu ya fara fitowa a matsayin mugu a 1943. Da finafinan suka koma haƙar zinariya a talabijin, babu wata doka ko yarjejeniyar ƙungiya da ta wajabta a ba ɗaya daga cikin waɗannan mutane kaso. Boyd bai gyara tsarin ba, ya dai tsallaka daga ɓangaren kura zuwa ɓangaren gardi. Ban zarge shi ba, kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Amma nasarar mutum ɗaya ba ta share hawayen sauran.

Mallakar kamfani ba a faifai kawai ta tsaya ba, ta kai har ga suna. George Hayes, tsohon nan mai gemu da ke ba da dariya a gefen Hopalong, an san shi da sunan Windy. Da suka saɓa da masu shirya finafinan kan albashi ya koma Republic a 1939, aka ce ya tafi amma ya bar sunan, don ba nasa ba ne. Dole aka laƙaba masa sabo, Gabby, ya sake gina shi daga tushe. Hatta manya irin su Roy Rogers da Gene Autry, da Republic ya tashi sayar wa talabijin tsoffin finafinansu a farkon shekarun 1950, sun garzaya kotu don su hana, daga ƙarshe kamfani ne ya yi nasara. In waɗannan da suke da lauyoyi sun sha ƙasa, ina ga makiyayin da ke tsaye a titin Gower?

Gyaran da ya zo, taron dangi ne ya kawo shi. A 1960 ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ta shiga yajin aiki na kimanin mako shida. Aka tashi a kan cewa duk fim ɗin da aka yi daga 1960 zuwa gaba, in an sayar wa talabijin, 'yan wasa suna da kaso. Na baya kuwa babu, sai dai kamfanoni suka zuba sama da dala miliyan 2 a asusun fansho da lafiya. To, ƙananan finafinan kaboyi na silima sun riga sun ƙare tun wajen 1954. Ke nan duk zuriyar mahayan nan, daga Maynard har ƙaramin ɗan bos, sun faɗa bayan layin da aka ja. Waɗanda wahalarsu ta zama hujjar yajin aikin su ne ba su ɗanɗani romonsa ba.

Na san abin da mai shirya fim zai ce, kuma maganarsa abin saurare ce. Zai ce ni na ci bashi, ni na ɗauki kasada, da yawa daga cikinmu sun karye ba wanda ya tausaya musu. Ɗan wasa kuwa ko fim ya ci kasuwa ko ya faɗi ya riga ya karɓi nasa. An ce a ba ɗan ƙwadago haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, na kuwa ba shi. Magini da ya gina maka gida ai ba ya dawowa duk wata ya ce a ba shi kaso a kuɗin haya.

Misalin magini yana da ƙarfi, amma bai hau ba. Mai haya ba ya tambayar sunan wanda ya ɗora bulo kafin ya biya. Yaron da ya miƙa kuɗin tikiti ranar Asabar kuwa sunan Ken Maynard ya gani a allo, saboda shi ya shigo. Abin da ake sayarwa shi ne mutumin kansa, fuskarsa da muryarsa da tafiyarsa. Sannan magini in ya gama gida ya wuce wani, gidan farko ba ya hana shi samun aiki. Ɗan wasa kuwa tsohon aikinsa ne ke zama kishiyarsa. Da talabijin ta cika da tsoffin finafinan kaboyi kyauta a falon kowa, wa zai sake biya ya ga sabo a silima? Ƙuruciyar mutum da aka adana a faifai ita ta kori tsufansa daga kasuwa. Kuma lokacin da Maynard ya sa hannu a takarda a shekarun 1920, ba shi ba kamfanin ba wanda ya sa cinikin talabijin a lissafi. An yi ciniki a kan silima, sai wata kasuwa ta ɓullo daga baya, ɓangare ɗaya ya kwashe ta gaba ɗaya. Ban ce a raba riba daidai da wanda ya zuba jari ba. Na ce tsakanin rabin riba da babu ko sisi akwai fili mai faɗi da adalci zai iya zama.

Wannan labari na Amurka ne, amma ƙurar dawakan ta iso har ƙasarmu. A 1966 Moustapha Alassane ya yi fim ɗin kaboyi a Nijar da ɗan abin da ke hannunsa, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da malafuna da bindigogi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Cikin 'yan wasan akwai budurwa Zalika Souley, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a wannan yanki. An nuna finafinanta a bukukuwan fim na ƙasashen waje, amma da Rahmatou Keïta ta ɗauki tarihin rayuwarta a fim, duniya ta gan ta a Yamai cikin ƙunci. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. A Kano kuma, a farkon 2022, dattijuwar 'yar fim ɗin Hausa Hajiya Ladin Cima ta faɗa a hira da BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar, wasu masu shirya fim suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Abin da na lura shi ne kusan duk muhawarar a kan yawan kuɗin sallama ta tsaya. Tambayar Kawu ba ta samu shiga ba: fim ɗin da aka yi don kaset, ya koma faifan CD, ya hau tauraron ɗan'adam, yau yana YouTube ana saka masa talla, shin waɗanda fuskarsu ke ciki suna da wani abu a wannan sabuwar kasuwa?

Mu ma yanzu muna inda Hollywood take a wajen 1949. Tsoffin finafinai da aka ɗauka sun mutu sun sami sabuwar rayuwa a waya, kuma wanda ke riƙe da faifai shi ke riƙe da komai. Abin da nake so ƙungiyoyin 'yan fim su yi ba ya buƙatar jiran gwamnati. A daina aiki da baka, ko fitowa ɗaya mutum zai yi a rubuta. A cikin takardar a sa layi guda da ke cewa in an sayar da fim ɗin ta wata hanya da ba wadda aka yi ciniki a kanta ba, 'yan wasa da ma'aikatan bayan kyamara suna da kaso kaza, komai ƙanƙantarsa. Kuma kada a maimaita abin da aka yi a 1960, a ja layi a bar tsofaffi a baya. Su ne suka fi kowa buƙata, su ne kuma ba su da sauran ƙarfin ciniki.

Sai asusu. Gidan da Maynard ya mutu a ciki ba sadakar wani attajiri ba ce. 'Yan fim ne da kansu, su Mary Pickford, suka kafa asusun taimakon juna a 1921. A 1932 suka fara tsarin da duk mai samun sama da dala 200 a mako zai yarda a cire masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa, wato a kowace dala 200 a cire dala ɗaya. Da wannan da wasu hanyoyin tara kuɗi aka buɗe gidan Woodland Hills a 1942. Maynard ya ɓata da kusan kowa a sana'ar, duk da haka da jiki ya ƙi akwai gado da likita suna jiransa, bai fito a jarida yana roƙon a taimaka masa da kuɗin magani ba. A wajenmu, duk 'yan watanni sai an ga bidiyon wani tsohon ɗan wasa a kwance, an rubuta lambar asusun banki a ƙasan hoton, mutanen da suka tashi suna dariya da wasanninsa suna tura dubu ɗaya, dubu biyu. In an cire naira ɗari biyar daga kowace dubu ɗari da aka kashe a lokeshan, aka damƙa wa amintattu masu bayyana lissafi duk shekara, da yawa daga cikin waɗannan bidiyoyi ba za a ɗauke su ba.